Zagayen dutse da ƙafa a bazarar Turai da Amurka: wace hanya zan zaɓa? Tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, da sanyi ya fara ja baya, 'yan uwa da ke karatu ko aiki a Turai da Amurka kan turo mini tambayoyi kusan iri ɗaya. Sun ga hotunan mutane goye da jaka a kan duwatsu, su ma suna sha'awa, amma ba su san ta ina za su kama ba. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa, da abin da na sani a kansu.

Mece ce hanyar zagaye, kuma me ya sa ake fifita ta?

Hanyoyin tafiyar ƙafa a duwatsu iri uku ne. Akwai je-ka-dawo, inda za ka bi sawunka ka koma. Akwai miƙaƙƙiya, ka fara a wani gari ka ƙare a wani, sai ka shiga neman motar da za ta mayar da kai. Ta uku ita ce zagaye: ka tashi daga wuri, ka yi kwanaki kana tafe, ka ɓullo inda ka fara ba tare da ka maimaita hanya ba. Motar da ka ajiye tana nan tana jiranka, akwatin da ka bari a masauki ma haka, kuma kowace safiya idonka na ganin sabon wuri.

Yawancin shahararrun zagaye ana kewaya dutse ɗaya ne babba. A lura, kewayawa ake yi, ba hawa ƙololuwa ba. Babu igiya, babu gatarin ƙanƙara. Tafiya ce a kan turba, sai dai turbar hawa da gangara ce daga safe har yamma.

Idan an ce bazara, waɗanne watanni ake nufi?

Ba bazararmu ta Maris zuwa Mayu ba. A duwatsun Turai da na yammacin Amurka, lokacin tafiya daga tsakiyar Yuni ne zuwa tsakiyar Satumba, wato daidai lokacin da damina ke zuba a gida. Ko a cikin waɗannan watanni ma akwai bambanci. A Yuni dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a wurare masu tudu ba. Yuli watan furanni ne, kuma a Amurka watan sauro, sauron da ya isa a kira shi sauro. Agusta cunkoso. Farkon Satumba mutane sun ragu, sauro ya mutu, amma dare ya fara sanyi kuma masaukai na shirin rufewa.

Wannan ne ya sa wasu sanannun zagaye ba sa cikin lissafinmu. Zagayen Torres del Paine a ƙasar Chile ana yin sa ne daga Nuwamba zuwa Maris, don can bazararsu ke nan. Zagayen Annapurna a Nefal kuwa, Yuni zuwa Satumba ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya. Oktoba da Nuwamba ake zuwa.

Waɗanne hanyoyi ne aka fi ambata?

A Turai, sarauniyarsu ita ce Tour du Mont Blanc, da ake taƙaitawa TMB. Tana kewaya dutsen Mont Blanc, mai tsayin mita 4,800 da 'yan kai, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Tsawonta kusan kilomita 170, kamar daga Kano zuwa Katsina, kuma idan aka tara dukkan hawan da ke cikinta ya kai mita 10,000. Yawanci ana yin ta a kwana 10 ko 11.

A Amurka akwai Wonderland Trail, kilomita 150, tana kewaya dutsen Rainier a jihar Washinton. An kammala ta tun 1915. Akwai Timberline Trail, kimanin kilomita 66, tana kewaya dutsen Hood a jihar Oregon. Akwai Rae Lakes Loop a Kalifoniya, ita ma kimanin kilomita 66, cikin gandun Kings Canyon. Akwai Four Pass Loop kusa da garin Aspen a Kolorado, gajeriya, kilomita 40 da ɗoriya, amma duk a sama take. Mai dogon hutu kuma yana iya duba Tahoe Rim Trail, kimanin kilomita 266, wadda ke kewaya tafki maimakon dutse.

Da me zan auna hanya kafin in ce ita nake so?

Kada ka fara da hoto. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma duk waɗannan hanyoyi suna da kyau a hoto. Kada kuma ka tsaya ga yawan kilomita, don shi ne ya fi yaudarar ɗan ƙasarmu. Mun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda kilomita 15 tafiyar hantsi ce. A kan dutse, abin tambaya shi ne: mita nawa zan hau a yini, mita nawa zan gangara?

Akwai tsohon lissafi da wani ɗan Sikotlan, William Naismith, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A TMB, matsakaicin yini kilomita 15 ne da hawan mita 900 ko fiye. A lissafinsa awa huɗu da rabi ke nan. Ƙara nauyin jaka, da hutu, da salla, da tsayawa ɗaukar hoto, sai ka ga awa bakwai ta tafi. Kuma gobe haka, jibi haka. Yini ɗaya kowa na iya daurewa. Yini na huɗu ne ke faɗin gaskiya.

Bayan hawa, auna kwanakin hutunka, ka cire kwana biyu na zuwa da dawowa, ka ajiye ɗaya don ranar da hadari zai tsare ka. Sannan abu na uku, wanda sau da yawa shi ke yanke hukunci: za ka samu izini ko wurin kwana? Duba amsar da ke kan izini a ƙasa.

To kai, wacce ka fi so?

TMB, kuma ban ɓoye ba. Dalilina ba kyau kaɗai ba ne. Hanya ce mai yafiya. Kusan kowace rana kana ratsa ƙauye ko masauki, akwai ruwa, akwai burodi da cuku, akwai bas idan ƙafa ta ƙi. Ga shi kana tsallaka iyakar ƙasa da ƙafarka: a Col de la Seigne, mita 2,516, ka bar Faransa ka shiga Italiya, a Grand Col Ferret, mita 2,537, ka shiga Suwizalan, a Col de Balme ka dawo Faransa. Babu shinge, babu jami'i, sai tarin duwatsu da iska. Gaisuwa ce kawai ke sauyawa a bakin mutanen da kake gamuwa da su. Wannan kalma ta "col" da za ka yi ta gani, ma'anarta wuyan dutse, wato lotsawar da ke tsakanin ƙololuwa biyu inda hanya ke tsallakawa.

Safiyar da ba na mantawa ita ce wadda na tashi a gefen kwarin Ferret na Italiya. Na fito alwala gari bai waye ba, ruwan famfo na yankan hannu kamar reza. Kwarin duhu, amma can sama rana ta riga ta taɓa kan duwatsun Grandes Jorasses, ƙanƙarar ta yi ja kamar garwashi. Ban ji komai ba sai ƙararrawar wuyan shanu daga ƙasa. Na tsaya da buta a hannu har yatsuna suka daina ji.

Aibinta kuwa jama'a. A Agusta akwai wuraren da za ka bi layi kamar a bakin rijiyar burtsatse. A ƙarshen watan kuma ake gasar gudu ta UTMB, wadda aka fara a 2003, inda gwanaye ke cinye zagayen nan duka cikin awa 20 ko kusa da haka. Abin kallo ne, amma ba makon tafiyar mai son natsuwa ba.

Ban taɓa kwana a daji ba. In fara da doguwa?

A'a. Fara da kwana biyu kusa da inda kake zaune, da jakar da takalmin da za ka yi babbar tafiyar da su. A nan za ka san inda takalmi ke cizo da abin da ka ɗauko na banza. Daga nan, idan kana Turai, TMB ta masaukai ta dace da sabon shiga duk da tsawonta, saboda ba ka ɗaukar tanti ko tukunya. Wonderland da Four Pass ba na farko ba ne: ta farko saboda nisan ta da gari, ta biyu saboda tsayi.

Kwana huɗu kawai nake da su. Me ya rage mini?

A Amurka, wannan shi ne ma'aunin Timberline da Rae Lakes da Four Pass. A cikinsu na fi karkata ga Timberline. Ba ta kai nisan Kaduna zuwa Zariya ba, tana farawa daga ƙofar Timberline Lodge, tsohon masaukin da aka gina a shekarun 1930, kuma ba ta da wahalar izini. Cikin kwana uku ko huɗu za ka ratsa kurmi mai duhu, da filayen furanni, da gangaren toka da tsakuwa inda ko ciyawa babu. Abin da take karɓa a madadin haka shi ne tsallaka rafuka marasa gada. Na yi bayaninsu a amsar haɗurra.

Rae Lakes ta fi ta tafkuna masu kyau, Four Pass ta fi ta faɗin gani, amma su biyun suna kai mutum sama da mita 3,600, sai ka karanta amsar da ke kan tsayi kafin ka yanke shawara. A Turai kuwa, ana iya yin rabin TMB: daga ƙauyen Les Houches na Faransa zuwa garin Courmayeur na Italiya kwana huɗu, ka hau bas ta cikin ramin da aka haƙa a ƙarƙashin dutsen, kilomita 11.6, ka ɓullo garin Chamonix, kusa da Les Houches. Zagaye ne, ko da rabinsa a mota aka yi.

Yaya batun izini da kama wurin kwana?

Ba a fafe gora ranar tafiya. A TMB ba a neman takardar izinin bin hanya, amma gadajen masaukai ƙidayayyu ne, kuma ana fara kama su tun kaka ta shekarar da ta gabata. Wanda ya farka a Mayu yana neman gado na Agusta zai sha wuya, musamman a wuraren da masauki ɗaya ko biyu ne kawai, irin su Les Chapieux. Dabara ita ce ka fara kama waɗannan matsattsun wurare, sannan ka jera sauran kwanakin a kansu.

A Amurka tsarin daban ne. Hukumomin gandun daji suna ƙayyade yawan masu kwana, ana nema ta shafin Recreation.gov. Wonderland sai an shiga ƙuri'a a farkon shekara, kuma takardar tana faɗin sansanin da za ka kwana kowane dare, ba ka da ikon sauyawa don ka gaji. Ana ajiye wani kaso ga masu zuwa ofis da kansu, amma sai mai sassaucin ranaku ke amfana. Rae Lakes ana buɗe nema wata shida kafin ranar shiga. Four Pass ta koma tsarin izini a 2023. Timberline ce kawai a cikinsu za ka cike 'yar takarda kyauta a bakin hanya ka wuce. Saboda haka nemi biyu ko uku. Wadda ta ba ka izini, ita ce taka a bana.

Tanti ko masauki?

A hanyoyin Amurka babu zaɓi, tanti ne. A TMB akwai biyun. Masaukin kan dutse ba otal ba ne: ɗaki ɗaya na iya ɗaukar mutum goma ko ashirin, gadaje a jere, maza da mata haɗe a mafi yawan wurare. Ana cire takalmi a ƙofa, ana cin abincin dare tare wajen ƙarfe bakwai, ana kashe fitila wajen goma. Dole ka zo da zanen kwanciyarka mai kama da buhu, kuma ka zo da abin toshe kunne, don a kowane ɗaki sai an samu gwanin minshari. Wadda ko wanda cakuɗuwar ɗaki ba ta yi masa ba, wasu masaukai na da ƙananan ɗakuna, su ne kuma ke fara ƙarewa.

Tanti ya fi araha ya fi sirri, amma ya ƙara nauyi, kuma ba ko'ina ake kafa shi ba. A ɓangaren Italiya doka ba ta yarda da kwanan daji ba sai sama da mita 2,500, Suwizalan ta fi tsanani, Faransa ta fi sassauci a wuraren da aka keɓe, daga yamma zuwa safe. Mafi sauƙi shi ne ka bi sansanonin da ake biya a cikin kwaruruka.

Ta wane ɓangare ake fara zagayen?

A TMB al'ada ita ce a tashi daga Les Houches a bi saɓanin hannun agogo, dutsen na hagunka. Amfaninsa, fuskokin da ka gani yau su za ka gani gobe, har ku saba. Illarsa, ƙarshen tafiya gangara ce daga Le Brévent, mita 2,525, zuwa Les Houches, kusan mita 1,500 a kan gwiwoyin da suka yi kwana goma suna aiki. Ni da baya-baya na sauko matakalar masauki washegari. Wanda ya bi ɗaya ɓangaren zai yi safiyarsa shi kaɗai, ya gamu da ayari da rana tsaka. Rae Lakes kuwa an fi bin hannun agogo, ta kwarin Paradise, don hawan ya fi zuwa a hankali.

Tsayin dutse zai iya kwantar da ni?

Zai iya, kuma ba ruwansa da ƙarfin jiki. Daga wajen mita 2,500 iska ke fara yin ƙaranci ga wasu. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin son abinci. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos wajen 1,200 take, ka ga jikinmu bai san wannan ba. A TMB matsalar kaɗan ce, don wuri mafi tsayi, ko a reshen Fenêtre d'Arpette ko na Col des Fours, mita 2,665 ne, kuma ana sauka a kwana ƙasa. Wonderland ba ta wuce mita 2,100 ba.

Four Pass ce abin tsoro: tana farawa a kusan mita 2,900, kuma wuyan dutse huɗun duk sun haura mita 3,700. Glen Pass a Rae Lakes mita 3,651 ne. Kwana biyu a gari mai tudu kafin farawa na taimakawa ƙwarai. Idan ciwon kai ya ƙi tafiya, ko mutum ya fara tangaɗi ko numfashi ya gagara yana zaune, maganin sauka ne nan take. Mai cutar sikila, har ma mai AS, ya ga likita kafin ya sa irin wannan tsayi a ransa. Wannan magana ta shafe mu fiye da yawancin waɗanda za ka gani a hanyar.

Waɗanne haɗurra ne na gaske?

Rafi, tsawa, da sanyi. Rafukan Timberline, irin su Sandy da Eliot da White, daga narkakkiyar ƙanƙara suke fitowa. Da asuba ruwan na iya tsayawa a ƙauri, da la'asar rana ta narkar da ƙanƙara ya kai cinya, launinsa kamar kunun kanwa, ba ka ganin ƙasa, kana jin duwatsu na gungurawa a ciki. Don haka ake tsara kwana kusa da rafi a tsallaka da sassafe. Kwance maɗaurin ƙugu na jakarka don ka iya yar da ita idan ka faɗi, kada ka cire takalmi, fuskanci inda ruwa ke fitowa, ka dogara da sanduna biyu. Mun taɓa zama awa guda a bakin ɗaya muna bin gaɓa sama da ƙasa kafin mu ga inda ya rabu uku ya yi sauƙi.

A Kolorado da Alps, wato jerin duwatsun da Mont Blanc ke ciki, hadari kan haɗu da rana tsaka a Yuli da Agusta. Ka tsallake wuyan dutse kafin azahar; wanda ya tsaya a sama lokacin tsawa shi ne abu mafi tsayi a wurin. Sanyi kuwa, kowace mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Rigar auduga idan ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, iska ta buge ta sai rawar ɗari. Lambar gaggawa a Turai 112, a Amurka 911, inda akwai sabis.

Namun daji fa?

A hanyoyin Amurka akwai baƙar beyar. Ba mutum take nema ba, abincinsa take so. A Rae Lakes da Four Pass doka ce ka zuba abinci da duk abu mai ƙamshi, har man goge baki da turare, cikin wata ƙaƙƙarfar gwangwanin roba, ka ajiye ta nesa da tanti. A Wonderland akwai dogayen ƙarafa a sansanoni da ake rataye abinci. A Alps abin lura shi ne manyan fararen karnukan da ke gadin tumaki. Kada ka ratsa garke, kada ka ɗaga sanda, kada ka gudu. Tsaya, ya shinshina, ya gane kai ba kerkeci ba ne. Wanda ya taso kusa da ruga ya san wannan ladabi.

Nawa ya kamata jakata ta yi nauyi?

Kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Mai bin masaukai kilo 7 zuwa 9 ya ishe shi. Mai tanti da abincin kwana huɗu zai kai 13 ko 15. Riga biyu, wando biyu, safar ulu uku, rigar sanyi, rigar ruwa ta ƙwarai, hular rana, tocilan ta goshi, matacin ruwa, filasta don bororo, taswirar da aka sauke a waya da wata ta takarda. Sanduna biyu ba na tsofaffi ba ne, su ke ceton gwiwa. Sabon takalmi kuwa, ko na nawa ne, ba a fara sa shi ranar tafiya. A Wonderland ana iya aika abinci tun gaba a ajiye maka a tashoshin Longmire ko White River da ke kan hanyar, don kada ka goyi na kwana goma.

Zan samu abincin halal?

A masaukan Alps kowa abu ɗaya yake ci, kuma naman alade na yawan shiga, wani lokaci a ɓoye: 'yan gutsattsari cikin dankali da cuku, ko romon miya. Narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki da giya ake dafa shi. Mafita ita ce tun lokacin kama gado ka rubuta cewa ba ka cin nama, ka sake tunatarwa da ka iso. Na taɓa mantawa a wani masauki; tsiran alade aka kawo, na kwana da burodi da miyar ganye, ina kallon mutane na suɗe faranti.

Guzurin gida ya fi dacewa da wannan tafiya fiye da yawancin abin da ake sayarwa da tsada a kantunan kayan dutse. Garin kwaki da suga da madarar gari da gyaɗa ba ya son wuta, ba nauyi, ga riƙe ciki. Dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, duk haka. Kilishi ne zai fi kowa, sai dai Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, Amurka ma tana tsanantawa, kuma a filin jirgi za a karɓe. Sayi madarar a can, ka nemi kifin gwangwani ko busasshen nama a shagon halal na birni kafin ka hau.

Yaya ake yi da salla?

Wanda ya taso daga nesa ya zo, matafiyi ne, yana da sauƙin ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Wanda gidansa ke gindin dutsen, ya tambayi malaminsa yadda ake lissafin nisa a tafiyar zagaye, da kuma batun haɗa salloli. Tambayar na da amfani, don a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Chamonix sai wajen tara da rabi na dare, isha'i ta shiga bayan an kashe fitilar masauki, asuba kuma ta zo da wuri ƙwarai. Ni nakan ajiye takalmi da tocilan kusa da ƙofa, in fita waje a hankali.

Gorar ruwa ta roba ta isa buta. Kada a yi tsarki ko wanka da sabulu a bakin rafi; a ɗebi ruwa a yi nisa. Alƙibla a Alps kudu maso gabas ce. A Oregon da Washinton kuwa kusan arewa ce, da ɗan karkata gabas, abin da ke ba baƙo mamaki. Sauke manhajar alƙibla mai aiki ba intanet, ko ka riƙe kamfas.

Biza da kuɗi fa, ga mai tasowa daga gida?

Bizar Shengen ɗaya ta isa ƙasashen TMB uku, don Suwizalan na cikin tsarin ko da ba ta cikin Tarayyar Turai. Kuɗinta dai daban, faran ne ba yuro ba, kuma komai ya fi tsada a can. Filin jirgi mafi kusa shi ne na Janiba a Suwizalan, awa ɗaya da 'yan mintuna a mota zuwa Chamonix. Bizar na buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, amma karanta takardar da kyau: ba kowace ke biyan ceto da jirgi mai saukar ungulu ba, kuma a Suwizalan wanda aka ɗauko shi ake kawo wa takardar kuɗi. Riƙe tsabar kuɗi, don wasu masaukai ba sa karɓar kati. Takardun kama masauki kuma suna da amfani a ofishin jakadanci, su ne shaidar inda za ka kwana.

A Afirka babu irin wannan?

Akwai. Mafi dacewa da waɗannan watanni shi ne zagayen dutsen Toubkal a Maroko, mita 4,167, daga ƙauyen Imlil kudu da Marakish, a bi ta tafkin Ifni, wajen kwana shida. Dole ne a ɗauki ɗan jagora, alfadari na ɗaukar kaya, abinci halal, kiran salla na tashi daga ƙauyukan kwari. Matsalolin abinci da salla duk sun kau, saura ta tsayi. Namu na gida, irin Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti na Taraba, mita 2,419, ko Bagzan a ƙasar Abzin, na rani da hunturu ne, kuma sai an bincika halin tsaro kafin a ɗaura takalmi.

Idan na kai tsakiya na kasa fa?

Tun kana gida ka yi wa taswirarka alama a duk inda hanya ta taɓa titi. A TMB suna da yawa: Les Contamines, Courmayeur, La Fouly, Champex, Trient, Argentière, ko'ina akwai bas ko jirgin ƙasa, kuma mutane da dama na tsallake yini ɗaya a mota su ci gaba washegari. A Wonderland mafita kaɗan ce. A Rae Lakes, da ka kai tafkunan, gaba da baya duk tafiyar kwana biyu ce. Bar wa wani jadawalinka da ranar da zai fara nemanka idan bai ji ka ba.

Wani abokin tafiyata gwiwarsa ta kumbura a gangaren shiga Courmayeur, rana ta huɗu. Ya kwana biyu a garin yana ɗora ƙanƙara, ya hau bas ta ramin dutse ya koma Chamonix, ya jira mu. A rana ta ƙarshe ya hau motar igiya zuwa La Flégère, a kan hanyarmu sama da Chamonix, ya tare mu da burodi mai zafi da lemo. Bayan shekara biyu ya koma Courmayeur, ya ɗora daga tashar bas ɗin da ya tsaya.